Yadda ake juya kwalar shat da ta cinye

A watan Yunin 1941 gwamnatin Birtaniya ta taƙaita sayen tufafi, saboda masaƙu sun koma yi wa sojoji kaki. Kowane baligi takardun rabo 66 ake ba shi a shekara, daga baya ma aka rage, kuma sai 1949 aka ɗage dokar. A lokacin mata suka riƙa juya kwala, domin ita ke fara lalacewa alhali jikin rigar garau yake.

1. A wanke rigar, a goge ta.

2. A ɗaga kwalar a duba bayanta. In akwai 'yan aljihunan da ake zura roba a ƙarshenta, a haƙura, juyin ba zai yi kyau ba.

3. Da bakin reza a warware ɗinkin da ya haɗa kwalar da wuyan rigar. Nan ne aikin yake. A bi zaren ɗaya bayan ɗaya, kada a ja, don ƙyallen ya riga ya yi laushi, yanka kaɗan zai ɓata komai. Ni a ganina gara a fara daga tsakiya.

4. A ɗora siririn ƙyalle a inda ya cinye, a ɗinke.

5. A kife kwalar, a mayar da ita gurbinta, tsakiya ta dace da tsakiya, a riƙe da fil.

6. A bi tsohon layin ɗinkin, da keke ko da hannu, sannan a danna da dutsen guga.