Yadda ake ɗora murya a jikin zaren fim, kamar yadda aka yi a farkon shekarun 1930

Duk ranar da tsohon zaren fim mai faɗin milimita 35 ya faɗo hannunka, ɗaga shi ka fuskanci rana. Tsakanin hotunan da ramukan gefe za ka hangi wani siririn layi wanda faɗinsa bai kai milimita 3 ba. Murya ce a kwance a wurin. Maganar ɗan wasa, kiɗa, ƙarar rufe ƙofa, duk an mayar da su haske da duhu. Ni kam ban taɓa ganin dabarar da ta burge ni a harkar sinima kamar wannan ba, shi ya sa nake so mu bi ta daki-daki, tun daga bakin mai magana har kunnen ɗan kallo.

Mataki na 1: Yanke shawarar inda muryar za ta zauna

Hanya biyu aka bi. Kamfanin Warner Bros ya fara da Vitaphone a 1926, kuma da shi aka yi The Jazz Singer a watan Oktoban 1927. A wannan tsarin hoto yana kan zare, murya tana kan faifan garmaho mai faɗin inci 16 da ke juyawa sau 33 da sulusi a minti. Faifai ɗaya yana cin kamar minti 11, daidai da naɗin fim ɗaya mai ƙafa 1,000. Mai haska fim zai ɗora allura a kan wata alamar kibiya kusa da tsakiyar faifan, ya saita zaren a kan hoton farko, injin ɗaya ya ja su tare.

Sautin yana da kyau, amma wahalar ta yi yawa. Allura ta yi tsalle, an rabu ke nan: baki na motsi, magana na can baya. Faifai yana fashewa a hanya, yana kuma cinyewa bayan an kunna shi kamar sau 20. Zare ya tsinke aka yanke hotuna biyar, dole a liƙa baƙin zare mai tsawon hotuna biyar a gurbinsu, in ba haka ba sauran fim ɗin duka ya karkace. Zuwa 1931 Warner ɗin ma ya haƙura. Saboda haka mu hanya ta biyu za mu bi, wadda Fox Movietone da RCA Photophone suka bi: murya da hoto a zare ɗaya, inda ɗaya ya je nan ɗayan zai je.

Mataki na 2: Tsayar da gudu

A zamanin fim marar magana da hannu ake juya kyamara, wani ya yi hotuna 16 a daƙiƙa, wani 20 ko fiye, ido ba ya damuwa sosai. Kunne kuwa ba ya yafiya. Gudu ya ragu kaɗan, murya ta yi kauri. Ya ƙaru, ta koma ta yara. Don haka aka tsaya a kan hotuna 24 a daƙiƙa, wato ƙafa 90 a minti. Sa wa kyamara injin lantarki, ka sa wa na'urar ɗaukar sauti irinsa, ka haɗa su a layin wuta ɗaya yadda ba mai wuce ɗan'uwansa.

Mataki na 3: Kori hayaniya daga wurin ɗauka

Makirufon wancan lokaci ba ya zaɓe, duk abin da ya ji ɗauka yake. Kyamara da kanta tana ƙara kamar keken ɗinki. Da farko sai aka riƙa kulle ta tare da mai ɗauka a wani akwatin katako mai tagar gilashi, zafi kamar tanderu, ga shi ba halin bin ɗan wasa in ya motsa. Daga baya aka yi wa kyamarar riga mai kauri ita kaɗai, ta samu ta sake yawo. Fitilun da ke ƙona sandar gawayi suna tsaki, sai aka koma manyan ƙwayayen lantarki. Makirufo kuma, maimakon a ɓoye shi cikin tukunyar fure a tilasta wa kowa ya tsaya kusa da shi, rataye shi a bakin doguwar sanda, wani ya riƙa bin kan masu magana da ita.

Wanda ba shi da ɗaki mai hana ƙara sai ya nemi dabara. A Bombay, lokacin da Ardeshir Irani yake ɗaukar Alam Ara, fim ɗin Indiya na farko mai magana da ya fito a watan Maris na 1931, wurin aikinsa yana kusa da layin dogo, don haka da tsakar dare ake yawancin ɗauka, bayan jiragen ƙasa sun lafa.

Kafin a fara kowace fitowa, a buga allon nan mai baki biyu a gaban kyamara. Hoton da katakon biyu suka haɗu da ƙarar da suka yi su ne shaidar da mai tacewa zai daidaita zarurrukan biyu da ita, domin a lokacin ɗauka hoto da murya kowa zarensa daban, sai daga baya a haɗa su.

Mataki na 4: Mayar da murya haske

Nan ne zuciyar aikin. Makirufo ya mayar da murya wutar lantarki mai hawa da sauka, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi. Saura a sa wutar ta yi rubutu a kan zaren da ke wucewa cikin duhu.

Kamfanin Western Electric sun yi amfani da siraran ƙarafa biyu a tsakiyar maganaɗisu, da 'yar tsaga tsakaninsu wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba. Fitila tana haskowa ta tsagar. Wutar murya ta ratsa ƙarafan sai su riƙa buɗewa suna tsukewa, hasken da ke isa zare ya yi yawa ko ya ragu. Bayan wanki za ka ga layuka a gicciye kamar matakalar tsani, wasu baƙi wuluk, wasu toka-toka. RCA kuwa ɗan ƙaramin madubi suka sa, yana karkarwa da muryar yana wurga haske hagu da dama, sai layin ya fito kamar haƙoran zarto. Da ido kawai za ka iya bambanta su, kuma injin haska fim ɗaya yana karanta duka biyun.

Yi lissafin da kanka ka ga ƙanƙantar abin. Zare yana tafiyar inci 18 a daƙiƙa. Sautin da ke kaɗawa sau 1,000 a daƙiƙa, layuka 1,000 ne za su shiga cikin inci 18 ɗin nan, kowane a fili, ba wanda ya hau wani.

Mataki na 5: Wanki

Da can mai wankin fim da ido yake aiki. Ya naɗe zare a kan katako, ya tsoma a ruwan magani, ya ɗago ya duba, in hoton bai fito sosai ba ya ƙara masa lokaci. Murya ta kashe wannan sana'ar. Layin mai kama da tsani, in ya wuce lokaci ko bai kai ba, tokarsa ta sauya, magana ta shaƙe. Don haka sai injin wanki mai jan zare a gudu ɗaya, ruwan magani a zafi ɗaya, a kuma riƙa wanke guntun zaren gwaji ana auna duhunsa da na'ura.

Kula da tsabta fiye da da. Ƙura ko ƙarzuwa a kan hoto ɗigo ne kawai, a kan layin murya kuwa ƙara ce. Inda aka liƙa zare biyu, mahaɗar takan yi “ɓas” a lasifika, sai a shafa baƙin tawada mai kusurwa uku a kanta don haske ya ɗauke a hankali ya dawo a hankali. Rina zare da launi, kamar shuɗi don nuna dare, shi ma ya zama matsala saboda wasu rinin suna tare hasken. A 1929 Kodak ya fito da zaren Sonochrome mai launukan da ba sa cutar da sauti.

Mataki na 6: Buga su a zare ɗaya

Ɗauki nagetif, wato ainihin zaren da aka ɗauka aka wanke, na hoto da na murya ka buga su a kan sabon zare. Amma kada ka ajiye murya daura da hotonta. Tura ta gaba da hotuna 20. A ƙaramin zare mai milimita 16, irin na motocin majigi, hotuna 26 ne. Dalilin yana mataki na gaba.

Layin murya ya ci gefen hoton har ya kusa zama murabba'i, shi ya sa a 1932 aka rage tsayinsa, aka tsayar da faɗi 1.37 a kan tsayi 1.

Mataki na 7: Haskawa

Hoto da murya halinsu ya saɓa. Hoto sai ya tsaya cak a gaban fitila, a ja shi, na gaba ya tsaya, sau 24 a daƙiƙa. Murya kuwa in ta tsaya ko sau ɗaya ta lalace. Zare ɗaya ba zai yi tsaye da gudu a wuri ɗaya ba, don haka aka raba musu wuri. Zira zaren ta ƙofar hoto, ka bar masa ɗan lanƙwasa sako-sako a ƙasa don ya shanye fizgar, sannan ka zagaya da shi kan gangar sauti. Gangar tana haɗe da wani kewayayyen ƙarfe mai nauyi da ke hana ta rawa, dabarar da injiniyoyin Tri-Ergon na Jamus suka yi wa rajista. Tazarar da ke tsakanin ƙofar hoto da gangar ita ce hotuna 20 ɗin nan.

A wurin gangar, wata 'yar fitila tana harba siririn haske ta cikin layin murya zuwa idon lantarki. Haske ya koma wuta, amfilifaya ta ɗaga ta, ta fita ta manyan lasifikoki masu bakin kakaki. Ajiye su a bayan allon kallo, allon kuma ya kasance mai ƙananan huji, don magana ta fito daga inda bakin yake.

Kafin jama'a su shigo, goge gilashin 'yar fitilar, ka tabbatar haskenta bai zame ya hau ramukan gefe ba. Ramuka huɗu ne a kowane hoto, in haske ya taɓa su za ka ji gurnani sau 96 a daƙiƙa ya danne maganar. Sannan ka ƙirga lanƙwasar ƙasa da yatsa. In ta yi tsawo murya za ta makara, in ta gajarce za ta riga baki. Kunna naɗin farko, ka sauka ka zauna a tsakiyar ɗakin, ka zuba wa leɓen ɗan wasa ido a kan kalmar da ke da “b” ko “m”. In leɓe ya haɗu daidai lokacin da harafin ya faɗo kunnenka, koma sama ka ce a buɗe ƙofa.