Yadda na magance zubar jinin dasashi bayan na koma amfani da na'urar feshin ruwa

Bayan na ajiye zaren sakace na koma amfani da na'urar Waterpik kaɗai, wato mai fesa ruwa a tsakanin haƙora don wanke su, sai dasashina ya fara zubar da jini a tsakanin haƙoran ciki, inda suka matse sosai. Likitan haƙori ya bayyana mini cewa ruwan yana fitar da guntun abinci, yana kuma wanke bakin dasashi da kyau, amma dattin da ya manne a inda haƙori ya haɗu da ɗan'uwansa sai an goge shi da zare. Yanzu kowane dare nakan sa zaren tukuna, ina lanƙwasa shi a jikin kowane haƙori, sannan in bi da ruwa mai ɗumi a ƙaramin ƙarfi kafin burushi. Jinin ya tsaya.