Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Rataye Fitilun Fim a Silin Ofis

Idan aka je ɗaukar fim a ofis ko asibiti, kuma babu inda za a kafa ƙafar fitila ba tare da ta fito a hoto ba, sai ido ya koma kan silin. Amma irin silin da ake jera fale-falensa masu santimita 60 a kan siraran sandunan ƙarfe ba don ɗaukar kaya aka yi shi ba, domin wayoyi ne kawai suke riƙe da shi daga dekin da ke sama, kusan kowace mita 1.2.

Kuskuren da ya fi muni shi ne ɗaure wayar tsaro, wato wadda za ta riƙe fitila idan ta suɓuce, a jikin sandar da fitilar take rataye. Idan sandar ta lanƙwashe, fitila da waya da fale-fale tare za su sauko a kan ɗan wasa. Abin da ya dace shi ne a ɗaga fale guda, a haska ciki da tocila, a nemi ƙarfen ginin kansa a zarga wayar a can. Bututun ruwan kashe gobara da na wayar lantarki ba wurin ɗauri ba ne, ko da sun fi kusa da hannu.

Da yawa kuma ba sa bambanta doguwar sanda, wadda wayoyin suke riƙe, da gajerun da aka soke a tsakani. Maƙalin rataye fitila da ake buɗewa kamar almakashi, a kan doguwar ake matse shi, dab da inda wayar da ke riƙe da silin ta sauko, kuma ƙaramar fitila kaɗai ake ba shi, irin LED maras nauyi. Babbar fitila tana buƙatar ƙafa ko sandar da aka tokare tsakanin bango biyu.

Akwai kuma zafi. Fitilar tungsten, wato mai ƙwan da ke yin zafi sosai, mai wat 650 takan ƙona fale, kuma kan bututun kashe gobara mai jan ruwa a cikin gilashi yana fashewa a digiri 68 na ma'aunin Celsius, ya jiƙe kyamara da ofishin mutane. A nesanta fitilar da su.

Wayar wuta ma kada a bar ta tana reto, domin wanda ya yi tuntuɓe da ita fitilar yake ja. A bi da ita ta sama, a ɗaure ta wuri-wuri har ta sauko ta jikin bango.