Yadda za ka toshe ɓarakar Spectre da Meltdown a Linux ɗinka

Jiya a wani siber nan Yamai na tarar wani ƙanena ya saka mitigations=off cikin grub, shirin da ke tada Linux, wato ya kashe kariyar Spectre da Meltdown, wai don tsohuwar mashin ɗinshi ta ƙara gudu, alhali mutane iri-iri ke zama kanta suna buɗe akawun ɗinsu, wallahi abin ya dame ni.

Furosesa, wato ɓangaren da ke yi wa kwamfuta lissafi, kamar mai shayin fadarku ne, da ya hango ka tafe sai ya zuba maka tun ba ka tambaya ba, in ka ce yau ba ka sha ya maida cikin buta, to amma kofin ya riga ya yi ɗumi, duk wanda ya taɓa shi ya san an zuba. Haka furosesa ke aiki da hasashe don sauri, in hasashen bai yi daidai ba ta watsar, sai dai sawun na nan cikin ma'ajiyarta ta kusa, kuma mugun shiri na iya auna lokaci ya tsinto sirrin karnel, wato zuciyar Linux, daga nan. Wannan ɓarakar ce ake kira Spectre da Meltdown, a watan Janairun 2018 aka fallasa ta, Meltdown ta fi kama Intel, Spectre kuwa har AMD da ARM.

Fara da duba halin da kake ciki:

grep . /sys/devices/system/cpu/vulnerabilities/*

Layin da ya ce Mitigation ko Not affected ba damuwa, wanda ya ce Vulnerable shi ne aikinka. Sabunta karnel, KPTI da ke raba teburin ƙwaƙwalwar karnel da na sauran shirye-shirye ya shigo cikin karnel 4.15 don Meltdown, wata kariyar ma mai suna retpoline na ciki don Spectre. Amma karnel kaɗai bai isa ba, nan ne mutane da yawa ke tsayawa, dole ka saka intel-microcode ko amd64-microcode, wato sabuntawar furosesar kanta, in Debian ko Ubuntu gare ka.

Sannan buɗe /etc/default/grub ka goge mitigations=off in yana nan. In sabar ce mai ɗauke da mashinan wasu mutane, ni dai mitigations=auto,nosmt nake sakawa saboda L1TF da MDS, wasu ɓarakoki dangin waɗannan, nosmt ɗin na hana ƙwayar furosesa ɗaya ɗaukar ayyuka biyu lokaci guda, e gudu zai ragu, na yarda da hakan. Buga update-grub, ka sake kunna mashin ka maimaita grep ɗin nan. Sabuntawar dai ka yi ta lokacin da wuta ta zauna ko batir ya cika, kar ta ɗauke maka a tsakiya.