Yadda ake gwada ƙananan na'urorin sautin jita kafin a zaɓi ta atisaye

Jitar lantarki ba ta da murya sai an jona ta da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, ita kuwa amfilifaya ba ruwanta da dare ya yi. A gidan haya, ko ɗakin kwanan ɗalibai, ko gidan da ake goyon jariri, ba za ka saki lasifika bayan isha'i ka kwana lafiya da maƙwabta ba. Maganin wannan ya daɗe da fitowa. Tun 1982 Tom Scholz, makaɗi kuma injiniya a Amurka, ya ƙera Rockman, ɗan akwatin da ake jona jita a saurara ta hedfon. A 1998 kamfanin Line 6 ya fitar da POD, wadda ke kwaikwayon muryoyin amfilifayoyi daban-daban ta hanyar lissafin kwamfuta. Yau irin waɗannan na'urori sun cika kasuwa, wasu ba su kai tafin hannu ba, kuma kowace tana alfahari da yawan sautukan da ke cikinta. Ni dai a ganina yawan sauti shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mai atisaye ya duba. Na'urar kirki ita ce wadda za ta sa ka ɗauki jita ka fara kaɗawa nan take, ba tare da ka ɓata rabin lokacinka wajen latse-latse ba. Ga yadda za ka gano ta.

Da farko, raba su gida-gida

Kashi uku ne. Akwai waɗanda ake cusa wa kai tsaye a ramin jita, babu wata waya a tsakani, irin su Vox amPlug, Fender Mustang Micro, Boss Katana:GO da NUX Mighty Plug. Akwai 'yan akwatunan da ake ajiyewa a tebur ko a sa a aljihu, ana haɗa su da jita da waya, kamar Boss Pocket GT da Pocket POD. Sai kuma waɗanda ake takawa da ƙafa, irin Zoom G1 Four, wadda ta ɗan fi ƙarfin aljihu amma tana shiga jakar jita. Kada ka gwada amPlug da G1 Four ka ce ɗaya ta fi ɗaya, don ba aiki guda aka yi su domin shi ba. Kowace amPlug salon amfilifaya guda ɗaya kawai take ɗauke da shi. G1 Four kuwa tana da kiɗan ganga iri 68 da na'urar naɗar abin da ka kaɗa na daƙiƙa 30 ta riƙa maimaita maka.

Na biyu, rubuta abin da kake yi idan ka zauna atisaye

Ɗauki takarda ka rubuta gaskiya, ba abin da kake burin yi ba. In koyon waƙoƙi kake yi daga wayar salula, kana buƙatar na'urar da sautin waya zai shiga cikinta, ta Bluetooth ko ta ƙaramin rami na waya, ka ji shi tare da jitarka a kunne guda. In matsalarka rashin tsayawa kan kiɗa ce, kana gudu ka bar mai ganga a baya, to ganga ko na'urar ƙirga bugu ta fi maka komai. In kuma kana son ka ɗora solo, wato kiɗan jita tilo, a kan abin da ka kaɗa da kanka, sai mai maimaitawa, kuma wannan aiki ya fi daɗi da ƙafa, don hannuwanka biyu suna kan jita. Duba kuma ko akwai abin saita tsirkiya a ciki. Mustang Micro ta farko, wadda ta fito a 2021, ba ta da shi, sai a Micro Plus ta 2024 aka sa shi tare da ɗan allo.

Na uku, tafi da jitarka da hedfon ɗinka

Wannan ba abin wasa ba ne. Sautin da ka ji a bidiyon talla ya bi ta hannun gwani, da jita mai tsada, da gyaran situdiyo. Abin da za ka zauna da shi a ɗaki shi ne jitarka da kunnenka. In na'urar ta cusawa ce, cusa ta ka ga yadda ta zauna. Ramin wasu jitoci a fuska yake, na wasu a gefen ƙasa, inda na'urar za ta riƙa dukan cinya ko kujera in ka zauna. Bakin Mustang Micro yana juyawa, na amPlug ma haka, amma gwadawa ta fi ji a baki.

Hedfon kuma dole mai waya. Mutane da yawa suna ganin an rubuta Bluetooth a kwali su ɗauka iyafis ɗinsu marar waya zai yi. Bluetooth ɗin na shigo da waƙa daga waya ne da kuma sarrafa na'urar ta manhaja. Dalilin shi ne jinkiri. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda, wato kowace mita ɗaya tana cin kusan kashi 3 cikin 1000 na daƙiƙa. Hedfon ɗin Bluetooth na gama-gari yakan yi jinkirin da ya haura kashi 100 cikin 1000, daidai da ka tsaya nisan sama da mita 30 daga lasifikarka. Ka taɓa tsirkiya, sai daga baya ka ji ta. Babu mai iya koyon kiɗa a haka. Duba kuma om ɗin hedfon ɗin, wato ma'aunin turjiyarsa ga wuta: mai om 32 kowace ƙaramar na'ura za ta iya tura shi, amma manyan na situdiyo masu om 250 sukan yi ƙasa-ƙasa a kan na'urar batir.

Na huɗu, daidaita ƙara, sannan ka kashe duk wani ado

A nan aikin yake, kuma a nan aka fi yaudarar mai saye. Kunnen ɗan'adam yana ɗaukar abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, ko da bambancin kaɗan ne. Saboda haka kafin ka ce uffan, sa na'urorin biyu su yi ƙara daidai wa daida. Bayan haka ka bar saitin da kamfani ya zo da shi. Irin waɗannan saiti an cika su da amsa-kuwwa da kaɗawar sauti don su burge a minti na farko, kuma wannan adon yana rufe kuskuren yatsu. Mai atisaye kuwa kuskurensa yake so ya ji.

Zaɓi murya mai tsabta a kowace, ka kashe dile, ribab da korus, wato adon amsa-kuwwa da kaɗawar sauti. Kaɗa abin da ka fi iyawa, abu guda, a kan dukkansu. Taɓa tsirkiya a hankali, sannan ka buge ta da ƙarfi. Na'ura mai kyau za ta bi hannunka: ta yi laushi in ka sassauta, ta ɗan dushe in ka matsa. Marar kyau murya guda za ta ba ka komai ka yi. Daga nan ka ƙara mata gurnani kaɗan, wato dusasshen sauti mai kaushi, ka rage maɓallin ƙarar da ke jikin jitar zuwa wajen rabi. Ya kamata gurnanin ya janye, sautin ya washe. In kawai ƙasa ya yi bai sake hali ba, kwaikwayon bai nuna ba. Wanda ke son salon jitar Agadas, inda sauti yake tsakanin tsabta da ɗan dushi-dushi kuma yatsu ke yin yawancin magana, wannan gwajin ya fi masa muhimmanci a kan duk jerin muryoyin da ke kwali.

Sai ka kaɗa tsirkiya guda ka bar ta ta mutu da kanta. Saurari ƙarshenta. Yawancin na'urorin nan suna da wani mai gadi da ke datse ƙugi idan ka yi shiru, kuma in an matsa shi da yawa yakan yanke wutsiyar sauti tun bai ƙare ba. Tabbatar ana iya sassauta shi. Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne kwaikwayon akwatin lasifika. In gurnani ya zo maka da tsini yana sukar kunne, sau da yawa wannan ɓangaren ne aka kashe ko kuma bai da kyau. Wasu na'urori, irin NUX Mighty Plug Pro, suna karɓar fayil ɗin da ake kira IR, wato hoton muryar wata lasifika ta gaske, kuma sauya shi kaɗai yana iya gyara sautin da ka ƙi.

Na biyar, ajiye waya a aljihu

Gwada ƙara gurnani, rage kaifi, da komawa wani saiti ba tare da ka buɗe manhaja ba. In abin ya gagara, ka san cewa duk zaman atisaye zai fara ne da buɗe waya, kuma wanda ya buɗe waya ya san saƙonni suna jiransa. Na fi son na'ura mai maɓallai kaɗan da hannu ke kaiwa a kan mai sauti ɗari da ke ɓoye a manhaja. Tambayi kuma ko manhajar tana aiki a irin wayarka kafin ka biya.

Na shida, wuta

Ga mai zama inda wuta ke zuwa tana tafiya, wannan ba ƙaramin batu ba ne. Masu batir na ciki, irin Mustang Micro da Katana:GO, sukan yi awa huɗu zuwa biyar, ana caja su ta USB, har da fawa banki. amPlug tana cin ƙananan batura AAA guda 2, G1 Four kuma AA guda 4, waɗanda kowane mai tireda yake da su. Batir na ciki ya fi sauƙin sha'ani yau, amma yana tsufa, kuma sauya shi ba aikin kowa ba ne. Jona na'urar a caji kana kaɗawa ka saurara: caja marar kyau ko wutar janareta takan shigo da zuuu a cikin sauti, musamman a jita mai siririn fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikinta. In na'urar tana amfani da adafta ta bolt 9, lura da alamar da ke jikinta. Yawancin fedojin jita, wato na'urorin takawa, tsakiyar bakin adaftarsu nagetif ne, saɓanin adaftocin gida da yawa, kuma kuskure a nan yana iya ƙona ta.

In ta hannu za ka saya, girgiza bakin waya a kowane rami ka ji ko yana ƙarar karce, juya kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe, ka duba ko bayanta ya kumbura, alamar batir ya lalace.

Wa ya dace da wacce

Sabon shiga da ke son ya jona ya kaɗa kawai, ta cusawa ta ishe shi, kuma in da hali ya ɗauki mai abin saita tsirkiya. Wanda ke koyo daga bidiyo ya duba Pocket GT ko Katana:GO, don manhajarsu tana ba da damar maimaita wani yanki na bidiyo har hannu ya kama. Wanda kuma yake sa ran nan gaba zai hau dandali a coci ko wurin biki, gara ya fara da ta takawa, saboda zai saba sauya sauti da ƙafa tun a ɗaki, kuma zai iya jona ta da miksa, na'urar haɗa sauti.

Kowacce ka ɗauka, kula da kunnenka, don hedfon yana zuba sauti kai tsaye cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'aunin ƙarar sauti na desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ga baligi, kuma lokacin yana raguwa sosai da zarar ƙara ta haura haka. In wani yana magana kusa da kai ba ka jin komai, ko ka cire hedfon kunnenka yana ƙara, rage maɓallin kafin zama na gaba.