Saitin bawul a tsohuwar mota: yadda ake yi ba tare da an ƙona injin ba

Masu tsofaffin Honda irin su Baby Boy da EOD, wannan maganar taku ce. Da yawa muna canza baƙin mai da fulogi a kan lokaci amma saitin bawul sai dai idan injin ya fara kas-kas-kas da safe sannan a tuna da shi, kuma wallahi wannan ƙarar ba ita ce abin tsoro ba. Ƙara na nufin tazarar da ke tsakanin kan bawul da ƙarfen da ke danna shi ta yi faɗi. Abin da ke kashe injin shi ne tazarar ta matse, musamman bawul ɗin hayaƙi, don shi ba ya ƙara ko kaɗan, sai dai ya daina rufewa sosai, zafi ya cinye bakinsa, mota ta fara rawa a tsaye tana shan mai, daga nan sai sauke top silinda.

Da farko ka tabbatar motarka ma tana buƙata. Golf 3 misali nata da mai yake daidaita kansa, babu abin saiti.

Injin dole ya huce gaba ɗaya, ƙasa da digiri 38, shi ya sa gara motar ta kwana a gareji a yi aikin da sassafe. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, duk awon da aka yi a injin mai zafi ƙarya ne.

Kayan aiki: fila geji (siraran ƙarafan auna tazara), sifana mai lamba 10, sukudireba, da sabon gasket na murfin bawul. Ka cire fulogai don injin ya yi sauƙin juyawa, ka buɗe murfin, sai ka juya fulin ƙasa da hannu har fistin na 1 ya zo sama alamun taimin su haɗu. A EOD mai silinda huɗu, bawul ɗin shigar iska 0.21 zuwa 0.25 mm ne, na hayaƙi 0.28 zuwa 0.32. Wata motar daban ka duba littafinta, kar ka ari wannan.

Ka zura fila geji a tazarar kowane bawul na silinda ta 1, ya kamata ya shiga yana ɗan ja kaɗan, ba ya zarce sakayau ba kuma ba sai an tura da ƙarfi ba. In bai yi ba ka sassauta notin da ke riƙe sukurun saiti, ka juya sukurun a hankali, sannan ka riƙe shi da sukudireba yayin da kake ɗaure notin, a nan ne mutane ke kuskure don sukurun yana bin noti ya juya. Bayan ɗauri ka sake aunawa.

Sai ka juya fuli rabin zagaye ka koma silinda ta 3, sannan 4, sannan 2, kowace sai ka ƙara rabin zagaye.

In bakanike za ka ba, ka tsaya ka ga fila geji a hannunsa. Wanda ya ce maka da kunne zai saita, yawanci matsewa zai yi har ƙarar ta ɗauke don ka ji daɗi, ka karɓi makullinka ka nemi wani.