Yadda za ka daina asarar sojoji a Battle for Wesnoth

Wannan gem ɗin na dabarun yaƙi kyauta ne, tun 2003 David White ya fito da shi, kuma ko tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa. Sai dai sabon shiga kullum kukansa ɗaya, wai gem ɗin na masa maguɗi, sojansa ya kai sara uku duk ya kuskure. To malam ba maguɗi ba ne, ƙasar da abokin gaba ya taka ce.

Kafin ka matsa da kowane soja duba kason kariyar gidan da zai tsaya a taswira, wato damar da yake da ita ta kauce wa bugu a wurin. Mai mashi a fili kariyarsa kashi 40 ce, ka tura shi cikin ruwa ta koma 20, wato kusan duk bugun da aka kawo masa sai ya same shi, ga shi shiga ruwan ma taku 3 yake ci daga cikin 5 da yake da su. Maharbin elf (wata ƙabila a gem ɗin) a daji kuwa 70 gare shi, haka ɗan ƙabilar dwaf a kan dutse. Ni da farko haka na riƙa tsallaka kogi da gudu ina ganin jarumta ce, sojoji huɗu na zubar a ruwa ɗaya kafin na gane cewa a bakin gaɓa ake tsayawa a bar abokan gaba su shigo, kai kana tudu su suna jiƙe. In wani ya maƙale a daji ya ƙi bugo, kawo masa mai sihiri, shi nasa harin kullum kashi 70 ne ko ina mutum ya ɓuya.

Sai batun tare hanya. Duk soja mai mataki (wato matsayin ƙwarewa) 1 zuwa sama yana riƙe gidaje shida da ke kewaye da shi, abokin gaba na shiga takunsa ya ƙare. Saboda haka ba sai ka jera su kafaɗa da kafaɗa ba, bar tazara tsakaninsu ka ɓoye masu rauni a baya.

Ramuwa da irin makamin da aka kawo hari ake yinta. Orcish Grunt, sojan ƙabilar ork, ba shi da baka, ka harbe shi da kibiya ba abin da zai iya.

Lokaci ma fa ka lura, zagaye shida ne ke yin kwana guda. Sojojin Loyalist, wato rundunar mutane, da rana ƙarfinsu na ƙaruwa da kashi 25, da dare ya ragu haka, su ork akasin haka ne. In Loyalist kake riƙe da su, magariba na yi ja da baya abinka, ba tsoro ba ne.

Wanda jininsa ya yi ƙasa kai shi ƙauye, 8 yake samu kowane zagaye, in guba ce ta warke. Amma in saura kaɗan ya hau mataki, ka raunata masa wani ya ƙarasa, yana hawa jininsa zai cika taf.